Goɗiyata na da cikin wata takwas, an yi mini tayin ingiricin rayi: in ba ta?

Ɗan Damagaram: Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema, kuma ina so in same ta kafin Asabar. Waɗanda muka daɗe tare a nan sun san ina zaune a Amurka, a bayan garin Greensboro, jihar Karolina ta Arewa, ina da goɗiya ɗaya da ƙuru na yara a wani fili da nake haya. Ingiricin da na tanada domin sanyi ya ƙare tun ƙarshen Disamba, wurin da na saba saye kuma ya tsawwala kuɗi. To wani manomi maƙwabcinmu ya ce yana da ƙananan dammuna arba'in na abin da suke kira rye, mu ce rayi, zai bar mini a rabin kuɗin da nake biya. Ya ba ni dami biyu in gwada. Na zuba wa ƙurun kaɗan jiya, ya cinye tas har yana neman ƙari. Goɗiyar ce ban ba ta ba, domin tana da cikin wata takwas, kuma haihuwar fari ce. A gida harawa da dusa na sani, ban taɓa ganin wannan ciyawa ba sai a nan. Wanda ya san ta ya taimaka mini.

Mai Sukuwa: Wa alaikumus salam. Malam, ba ta kawai. Shekara shida nake aiki a barga kusa da Newmarket a Ingila, garin dawakin tsere, kuma abin da muke zuba musu safe da yamma ke nan. Dawakin da kuɗin ɗaya zai sayi unguwa guda, rayi suke ci, busasshe ko wanda aka naɗe a leda da ɗan danshinsa. Filayen kiwo da yawa na Ingila da Ailan shi ne. Da yana kisa da tuni an daina tsere a ƙasar nan.

Baban Barga: Allah ya sauke ta lafiya, yaro. Ni ban san ciyawar Turawa ba, amma na fi shekara hamsin ina ɗaure doki a Katsina. Kwance damin, ka tura hannunka har tsakiya. In ka ji ɗumi, ko danshi, ko ka sansana ka ji warin ruma, ko ka kaɗa ka ga farar ƙura ta tashi, kada ka ba ko jaki. In ƙamshin ciyawa ka ji, bismillah. Kuma kada ka sauya mata gaba ɗaya rana ɗaya, cikin doki ba ya son gaggawa. Sauran kuma ka bar wa dabbar. Doki ya san abin da zai cuce shi, in ya sansana ya kau da kai, ya gaya maka.

Dakta Zariya: Baba ya faɗi gaskiya a kan ruma da sauya abinci sannu a hankali, mako ɗaya zuwa biyu ake so. Amma Malam, kafin kowa ya ce maka ba ta ko kar ka ba ta, akwai tambayar da ba a yi ba. Tsirrai biyu ne Turawa suka ba suna mai kama da juna, kuma su kansu suna rikita su.

Na farko hatsi ne, ɗan'uwan alkama da sha'ir. Yana da tsawo, yakan kai ƙirjin mutum ko ya wuce, yana fitar da zangarniya mai dogayen tsinkaye. Da shi ake yin baƙin burodin nan na Jamus da Polan da Rasha. A Amurka manoma da yawa kan shuka shi bayan girbi domin ya rufe ƙasa lokacin sanyi, in bazara ta zo wasu su yanke shi su ɗaure.

Na biyu ciyawa ce zalla, ita ce rayigiras, mai laushin ganye da sheƙi, kanta siriri. Ina kyautata zaton ita Mai Sukuwa yake ba dawakinsa.

Kowanne da inda yake cutarwa, kuma ba wuri ɗaya ba ne. Koma wurin manomin ka tambaye shi abu uku: wanne ne daga cikin biyun, a wane wata ya yanka, kuma ya riga ya fitar da kai kafin a yanka ko kuwa.

Ɗan Damagaram: Dakta na gode. Yanzu na sauke waya da shi. Ya ce hatsin ne. Ya shuka a watan Oktoba bayan ya cire waken suya. Ya so ya yanka tun cikin Afrilu, ruwa ya hana shi shiga gonar, bai samu ya yanka ba sai farkon Yuni. Kai kam ya fitar, ga su nan a cikin damin ina gani.

Mai Sukuwa: To lallai ba abu ɗaya muke magana ba, namu ciyawar ce. Na janye "ba ta kawai" ɗin da na ce. Amma Dakta, ai ana ba doki ingiricin hatsi, na ga ana ba su na oza, hatsin da Turawa ke kira oats, da na sha'ir. Me ya bambanta wannan?

Dakta Zariya: Ana bayarwa, kuma shi ma wannan ɗin in an yanke shi da wuri, tun kan yana cikin kube bai fito ba, aka shanya ya bushe sarai, abinci ne mai kyau. Jinkirin yanka shi ne ya ɓata lamarin, ta fuska biyu.

Ta farko tsinkayen nan na zangarniya. In sun bushe suna da kaifi da ƙananan ƙayoyi masu fuskantar gefe ɗaya, suna shiga ba sa fita. Sukan soke dasashi, da ƙarƙashin harshe, da cikin kumatu, wurin ya zama gyambo. Baba ya san yadda ƙarangiya ke yi wa bakin doki in ta shiga cikin ingirici, to kusan haka ne. Za ka ga doki na dalalar da miyau, bakinsa na wari, yana tauna yana zubarwa. Malam, ɗaga leɓen ƙurun nan yau ka duba.

Ta biyu ita ce ta fi damuna. Akwai wani naman gwari da ake kira argot, wanda ke shiga furen hatsi ya zauna a gurbin ƙwaya. A cikin hatsin ƙasashen sanyi babu wanda yake kamawa kamar rayi, domin furensa kan daɗe a buɗe yana jiran iska ta kawo masa barbara. Kuma yanayin da ya fi so shi ne sanyi-sanyi da damshi lokacin fure, wato irin ruwan da ya hana maƙwabcinka shiga gona. Shimfiɗa farin ƙyalle, ka kwance dami ɗaya a kai, ka murtsuke zangarniyar da hannu, ka gaya mana abin da ya zubo.

Ɗan Damagaram: Na yi. Na shimfiɗa tsohon zanen gado a ƙofar barga, na murje kai kamar talatin. Yawanci ƙaiƙayi ne da 'yan ƙwayoyi motsattsu. Amma na tsinci guda biyar baƙaƙe, baƙin nasu da ɗan shuɗi-shuɗi. Da farko na ɗauka kashin ɓera ne, sai na ga ɗaya maƙale a jikin zangarniya, ya leƙo waje ya fi sauran ƙwayoyin tsawo kusan ninki biyu, ya ɗan lanƙwashe kamar ƙaramin ƙaho. Da na matsa da farce bai marmashe ba, karyewa ya yi ƙas, cikinsa fari-fari kamar toka. Na sa hoto a sama. Bakin ƙurun kuma na duba, na ciro tsinke biyu tsakanin leɓe da dasashi, wurin ya yi ja amma bai fashe ba.

Manomin Gumel: Wannan ba burtuntuna ba ce? Muna ganinta a dawa kowace shekara, kuma dabbobi na cin karan ba abin da ke samunsu.

Dakta Zariya: Ba ita ba ce, Malam. Burtuntuna in ka fasa ta baƙin gari ne ke fita ya ɓata maka hannu. Wannan tauri gare shi, cikinsa fari. Abin da Ɗan Damagaram ya kwatanta, da abin da na gani a hoton, argot ne.

Amma tambayarka ta tuna mini cewa mu ma muna da danginsa. Gero na kamuwa da nasa nau'in, dawa ma haka. A shekarar da ruwa ya yi yawa lokacin da gero ke bununi, in ka ga wani ruwa mai danƙo kamar zuma yana tsattsafowa daga jikin kan gero, ƙudaje na bi, daga baya wurin ya yi baƙin ƙullutu, shi ne. Malaman gona kan ce a zuba irin shuka a ruwan gishiri, baƙaƙen su taso sama a kwashe.

Na rayi dai dafinsa ya fi ƙarfi. Yana matse jijiyoyin jini har jini ya daina isa ƙarshen gaɓoɓi. A Turai ta da, inda talaka burodin rayi ne cimarsa, gari guda kan kamu, yatsu da ƙafafu su yi baƙi su guntule, suna kiran cutar wutar Waliyyi Antoni saboda zafin da mai ita ke ji. A Habasha ma an yi annobarta a yankin Wollo a 1977 da 1978, aka sake yi a Arsi a 2001, ta hanyar sha'ir da ya gauraya da wata ciyawar daji mai ɗauke da shi.

Hajiya Ungozoma: Sallama gare ku. Ni ba ni da doki, na maigidana ne, ni dai ina karanta ku. Amma da na ga sunan nan sai gabana ya faɗi, domin na san shi a ɗakin haihuwa. Akwai allurar da muke kira egometirin, daga wannan baƙin abin aka fara ciro ta, a Landan a 1935. Muna yi wa mace in ta haihu jini ya ƙi tsayawa, cikin 'yan mintoci za ka ɗora hannu a mararta ka ji mahaifa ta ɗaure tamau kamar dutse. Ta ceci mata da yawa a hannuna. Amma abu na farko da aka koya mana shi ne ba a yin ta matuƙar jariri na ciki, kuma ba a yi wa mai hawan jini. Abin da mu da muke auna shi da sirinji muke tsoron sa wa mai ciki, yaya za a zuba wa dabba mai ciki shi a komi ba awo, safe da yamma, har wata uku? Ɗan'uwa, don Allah kada ka ba ta.

Dakta Zariya: Hajiya kin taɓo inda nake nufa. A goɗiya mai ciki, abin da aka fi gani shi ne dafin ya danne sinadarin da ke sa hantsa ta kawo nono. Cikin doki wata goma sha ɗaya ne, kwana 340 ko kusa da haka. Wadda ta ci irin wannan dafi a watannin ƙarshe takan zarce lokacinta da makonni, ɗan ya yi ta girma a ciki, haihuwa ta zo da gardama. Mabiyiya kan yi kauri har ɗan ya kasa fasa ta, ya shaƙe in ba mutum a kusa. In ma ya fito da rai, sai a tarar hantsa a bushe. Kuma ɗan doki ba ya samun garkuwar jiki tun daga ciki kamar ɗan mutum, dukkanta a dakashi take, kuma dole ya sha shi a cikin yinin farko, tun a sa'o'in farko ma ya fi. Dukushin da ya rasa dakashi, ƙaramar cuta ke tafiya da shi.

Abin da ya sa mutane ke ruɗuwa shi ne ita uwar za ka gan ta garau, tana ci tana sheƙi, ba alamar komai har ranar haihuwa.

Malam, wata tambaya kuma. Filin da take kiwo, wace ciyawa ce a ciki? A yankinku akwai wadda nake tsoro.

Baban Barga: Dakta, ba na ja da ilmi. Amma mu da muka tashi, in hatsi ya ɗan taɓu, baza shi muke a rana kwana biyu, a jiƙa wa doki kanwa ya sha ta wanke masa ciki. Haka iyayenmu suka yi, dawakinsu kuma suka hau Sallah suka sauka lafiya. Yaron nan yana ƙasar mutane, kuɗi ba a hannu ba, sanyi ga shi. Dami arba'in ba wasa ba ne. Ba yadda za a yi a gyara abin? Kuma na ce a bar dabbar ta zaɓa, ai ƙurun ya ci bai ƙi ba.

Dakta Zariya: Allah ya ƙara girma, Baba. Rana na korar danshi, tana hana ruma ci gaba, wannan haka yake. Amma wannan ciyawa ta bushe tun watan Yuni, dafin na nan a ƙulle cikin baƙin ƙwayar, rana ba ta fitar da shi. Kanwa kuma aikinta a ciki ne, wannan kuwa jini yake bi.

Batun dabba ta san abin da zai cuce ta, ku kuka koya mana kada a saki tumaki ko shanu a gyauron dawa, wanda ya toho bayan girbi ko wanda fari ya tsumbure. Da gudu suke zuwa su ci, kuma kun sha ganin yadda suke faɗuwa kafin a kawo wuƙa. Hancin doki na gane ruɓa da wari, amma akwai dafin da ba shi da wari. Masara mai ruma ma doki kan ci ta da marmari, ta taɓa masa ƙwaƙwalwa ya riƙa zagaye yana tokarar bango da kai.

Baban Barga: Gyauro kam gaskiyarka. Na taɓa rasa tunkiya uku a yini ɗaya. Na karɓa.

Ɗan Folo Kaduna: To ni ga tawa dabarar. Goɗiya dai an gama magana, kar a ba ta. Amma ya saya ya ba ƙurun mana, ai shi ba ciki gare shi ba. A kakkaɓe kawunan, a jiƙa sauran a ruwa kafin a zuba masa. Kuɗin da ya rage sai ya saya wa goɗiyar mai kyau.

Mai Sukuwa: Yallaɓai, na ga hoton ƙurun a baya, wanda yara ke kai. Dubi wuyansa, kitse ya yi masa tozo, ga gindin wutsiya ya cika. Irin waɗannan su ne ba ma bari su kusanci rayigiras a nan, ko da yake dawakin tsere na cin ta lafiya. Sukari ne da ita sosai. Dokin da ke gudu kullum yana ƙone shi. Ƙuru mai ƙiba da ke tsaye yini guda kuwa, sukarin kan sauka a kofato, naman da ke riƙe da ƙashi a cikin kofaton ya kumbura. Na ga wata 'yar ƙuru da ta kamu: ta miƙe ƙafafun gaba ta jingina jikinta baya, kamar mai tsoron taka wuta, in ka taɓa kofaton zafi rau, jijiyar bayan dungu na bugawa a yatsanka. Wata huɗu tana kan jinya. Likitocinmu kan ce irin waɗannan a nema musu ingiricin da sukari da sitacinsa ba su wuce kashi 10 zuwa 12 cikin ɗari ba. Ingiricin hatsi ma kan zo da sukari da yawa, ido ba ya ganewa sai an auna. Jiƙawa na awa guda na rage sukari, haka ne, muna yi. Amma ba ta taɓa argot ba. Kuma wa zai zauna ya tsince kan zangarniya a dami arba'in?

Ɗalibin Perth: Ku ba ni dama in ƙara wani abu, ko da bai shafi Malam kai tsaye ba, domin na ga an fara ɗauka cewa ita ciyawar ba ta da matsala sai sukari. Ina karatun noma a Yammacin Ostireliya, kuma a nan in ka ce rayigiras gaban mai dabbobi, wani abu ne ke fara zuwa ransa. Akwai nau'inta mai shekara ɗaya da ke fitowa kamar ciyawar banza a gonakin alkama da oza. Wata 'yar mitsitsiyar tsutsa kan hau kanta ɗauke da ƙwayar cuta, ƙwayar ta hayayyafa a cikin 'ya'yan ciyawar ta haɗa dafi, wani lokaci ana ganin rawaya-rawaya a kan. Dafin taruwa yake a jiki. Dabba na ci kwanaki ba komai, rana ɗaya ta fara tangaɗi, ta faɗi tana shure-shure. Tumaki, shanu, dawaki, duk yana kashewa, kuma ba shi da makari. Bushewa ba ta rage shi ba, yana nan a cikin dami. A 1996 shanu sun kamu a Japan daga ingiricin oza da aka kai daga nan, shi ya sa yanzu ake gwada wanda za a fitar waje kafin a loda shi. An san cutar a nan da Afirka ta Kudu, ba a san ta a Amurka ba.

Ita kuma rayigiras mai daɗewa a fili, a Niyu Zilan an fi saninta da sa dabba makyarkyata da layi, saboda wani naman gwari da ke rayuwa a cikin jikinta. Wannan da sauƙi, in an janye dabba daga filin yawanci takan warware.

Ɗan Folo Kaduna: Wannan ya shafe mu. Akwai masu gidan da ke sayo wa dawakin Ajantina ingiricin waje a kwantena, mu dai sai mu ga an sauke a ce mu zuba. Daga yau zan riƙa tambayar ƙasar da ya fito da takardar gwajinsa. Ni dai har gobe harawar wake mai ganye, wadda aka ɗaure a kan rufi ruwa bai taɓa ba, ban ga abin da ya fi ta ba.

Ɗan Damagaram: Dakta, na tambayi mai filin. Ya ce fesku ce, wadda suke kira Kentucky 31, tun zamanin mahaifinsa take nan. Da na gaya masa goɗiyar na da ciki sai ya yi shiru, ya ce ya ɗauka na sani. Wallahi ban sani ba. Tun da na kawo ta a filin nan take. Yanzu sanyi ne ciyawar ta kwanta, amma tana tsintar ta kullum. Jikina ya yi sanyi. Na riga na cuce ta ke nan?

Dakta Zariya: Kwantar da hankalinka, Malam, da sauran lokaci, kuma Allah ne ya sa ka yi tambayar yanzu. Abin da nake tsoro ke nan. Yawancin tsofaffin filayen wannan fesku na ɗauke da naman gwari a cikin jikin ciyawar, ido ba ya ganinsa, kuma dafinsa dangin na argot ne, aikinsu ɗaya a jikin goɗiya. Da ka haɗa mata da ingiricin nan, da ta sha daga ɓangare biyu.

Ƙa'idar da masu kiwo a can suke bi ita ce a cire goɗiya daga fesku kwana 60 zuwa 90 kafin haihuwa. Kai yanzu kake bakin wannan lokaci. Killace ta a wurin da ba ciyawa a ƙasa, ka riƙa kawo mata abinci. In za ka sayi wani ingiricin ka tabbatar shi ma ba fesku a ciki, domin a yankinku ana yawan gauraya ta, har shimfiɗar da za ta kwanta a kai ka duba. Lissafinka ya zama kusan kashi 2 cikin ɗari na nauyinta a yini, in ta kai kilo 450 wajen kilo 9 ke nan. Kada ka cike gurbin da dusa, yawanta na janye wa ƙashi alli, ita kuma yanzu ƙashin ɗa take ginawa.

Sannan ka kira likitan dabbobi na nan kusa ya gan ta, ka gaya masa batun fesku da bakinka. Akwai magani mai suna domferidon da suke bayarwa in haihuwa ta gabato hantsa ba ta sauko ba, shi zai faɗa maka ko tana bukata da ranar da za a fara. Kada ka saya ka ba ta da kanka.

Manomin Gumel: Dammunan fa? Tunda araha ne, ya saya ya sayar wa mai shanu ya ci riba. Saniya ai cikinta ya fi na doki ƙarfi.

Dakta Zariya: A kan argot ba ta fi shi ba. Shanu ma na gurgunta, bakin wutsiya da kunne da kofato su mutu, kuma sanyi na ƙara tsananta abin.

Baban Barga: Ko da ba haka ba, ya riga ya ga aibin da idonsa. Ba ya sayar wa wani ya yi shiru. Ka koma ka nuna wa mai gonar, yaro, wataƙila shi ma bai sani ba, kuma yana da nasa dabbobin.

Ɗan Damagaram: Jama'a, ga yadda aka ƙare. Na kai wa maƙwabcin baƙaƙen ƙwayoyin a cikin kwalba. Ya juya su a tafin hannunsa ya daɗe yana kallo, ya ce shanunsa yake ba tun Nuwamba. Ya ce zai ɗebi samfuri ya kai ofishin malaman gona na gunduma, na gaya masa abin da likitar da ta zo ta ce, cewa gwajin da aka saba yi na furotin da sukari ne, na dafin argot sai an nema daban. Bai ji haushi ba, har ya haɗa ni da wani mai ingiricin wata ciyawa da ake kira timoti gauraye da alfalfa, wani ganye dangin wake, na ɗauki dami ashirin, sauran sai wata ya ƙare.

Goɗiyar na killace ta a bayan barga, na zuba yashi. Ba ta so, tana ta kai da kawowa a jikin shinge tana haniniya tana kallon filin. Likitar ta duba ta, ta ce ɗan na motsi lafiya, ta sa ranar dawowa farkon Maris. Ta ce daga yanzu in riƙa leƙa hantsar kowace safiya ina ɗaukar hoto, domin mu ga ko tana canzawa. Bakin ƙurun ya warke.

Hajiya Ungozoma: Alhamdu lillahi. Ka tambayi likitar tun yanzu inda ake samun dakashin ajiya a kusa da ku, ka rubuta lambar ka manna a ƙofar barga. Haihuwar dare ba ta jiran a nemi waya.

Baban Barga: Kuma in ta fara zagaye tana kallon cikinta tana gumi, kada ka kunna mata fitila mai haske ka tsaya a kanta, goɗiya na riƙe haihuwa in ta ga ido. Ka laɓe inda kake ganinta ita ba ta ganinka. Wane launi ne uban?

Ɗan Damagaram: Akawal ne, Baba, da fari a goshi. Ita kuma ja ce.

Baban Barga: Madalla. In ya faɗo ka turo mana hoton ƙafafunsa tukuna, kafin fuska.